Ranar da Ba Mu Amsa wa Gwaggo Ba

Safiyar ranar nan, da faɗa muka fara, ni da Gwaggo Laraba, a kan rariya. Ta ce na ari rariyarta ban mayar ba. Na ce na mayar. Ta ce to ashe aljanu ne ke tankaɗe da ita a ɗakina. Tana tsaye a bakin danga, ɗankwali a karkace, tana ɓarar ɗanyar gyaɗa daga haɓar zaninta. Na shiga na ɗauko rariyar a bayan randa, inda na san take tun farko, na miƙa mata ina kallon gefe. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta rataye rariyar a jikin dangar, ta ce za ta ɗauka in mun dawo daga majami'a.

Talata ce. Damina ta zo ƙarshe, dawa ta fi mutum tsayi, ta fara sunkuyar da kai. Talata ita ce ranar koyon waƙa ta zumuntar mata a Rafin Kanya, ƙauyenmu da ke yamma da Samaru, can ciki bayan an bar kwalta. Ni ce mai buga tulu. Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ce mai ba da waƙa. Ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ni ma mijina Ishaku ya rasu, 'yata Hannatu tana aure a Samaru. Mu biyu muka rage wa juna. Mu yi faɗa da safe, mu ci tuwo a kwano ɗaya da yamma.

Sai na gaya muku yadda kiran Gwaggo yake, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Majami'armu ƙarama ce, ginin ƙasa da rufin kwano. Kowace Lahadi kafin wa'azi, Gwaggo takan miƙe ta kira mu gida-gida da waƙa. Takan fara daga gidan bakin rafi ta hauro har tudu. "Gidan Bawa, kuna ina?" Su amsa, "Muna nan." Idan kun makara ta sa ku a waƙa: "Gidan Audu masu barci har hantsi, kuna ina?" Idan ta gama da masu rai sai ta sauke murya, ta shiga kiran waɗanda suka rasu, bi da bi yadda suka tafi, tun daga Nomau, wanda aka fara yi wa baftisma a rafin nan zamanin kakanninmu. Kowane suna, jama'a duka su amsa, "Ya huta," ko "Ta huta." Ba ta zama sai an amsa sunan ƙarshe da kyau. In amsar ta yi sanyi, ta maimaita, tana tsaye tana hararar mu. Wani fasto baƙo ya taɓa cewa kiran yana cinye lokacin wa'azi. Dattawa suka ba shi haƙuri da zakara, kira kuma ya ci gaba. Suna ɗaya ne ba ya shiga waƙar, sunan mai kira.

Ƙorafinta a kaina bai taɓa sauyawa ba, wai hannuna gaggawa. "Rifkatu, matattu muke kira, ba kasuwa za mu ba." Nakan ce mata ita ce take jan murya kamar mai jin barci.

Da hantsi aka buga ƙarfen majami'a. Na ɗauki tuluna na tafi. Gwaggo ta riga ni, tana ciki da Jummai maƙwabciyarmu da wasu mata, ina jin suna gwada murya. Na ajiye tulun a bakin ƙofa ke nan na hango jar hular Baba Tanko tana shiga gonar dawa da ke bayan majami'ar. Baba Tanko tsoho ne, tsufa ya taɓa masa hankali. Yakan fita neman awakin da aka sayar tuntuni. Yakan manta ya ci abinci, yakan manta sunan jikokinsa. Abu ɗaya ne bai manta ba. Matarsa Ladi ita ce ta ƙarshe da ta rasu a cikinmu, kuma duk Lahadi idan Gwaggo ta zo kan sunanta, sai ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya riga kowa amsawa da ƙarfi. Na yi tsaki, na bi shi don in komo da shi gida.

Na kama hannunsa a cikin dawa lokacin da na ji babura. Ba ranar kasuwa ba ce. Ƙarar ta fito daga yamma, ta hanyar daji, kuma ba ta babur ɗaya ko biyu ba ce. Kaji suka fara watsewa. Wani kare ya yi haushi, ya yi shiru. Sai harbi.

"Kowa ya kwanta!"

"Wanda ya gudu, harbe shi!"

Na ja Baba Tanko muka ƙara nutsawa. Ya fizge hannunsa, ya ce awakinsa ba ta nan suka bi ba. Wani harsashi ya karya kara a saman kanmu. Na faɗi a kwarin kunya na yi ta jan ciki, ban san inda nake nufa ba. Da na tsaya na waiga, kunyoyi da dama sun shiga tsakaninmu. Yana zaune a ƙasa, ina hango jar hular ta tsakanin kara.

Ba ni kaɗai ba ce a gonar. Duk wanda ƙafarsa ta kai shi, cikin dawa ya faɗa. Ina jin numfashi ta dama da hagu. Kusa da ni Asabe matar Bawa ce kwance rub da ciki, ta rufe kai da hannu biyu.

Daga nan kunne ne ya zama ido. Na ji ana dukan ƙofofi. Na ji ana kora shanu ta hanyar rijiya, na gane kukan bijimin Audu. Na ji mata suna kuka a filin majami'a, wani yana daka musu tsawa. Na ji tuluna ya fashe. Sautinsa na sani ko a cikin tulu ɗari, wani ne ya sa masa ƙafa. Sai hayaƙi ya biyo iska, na farko na ciyawar jinka, na biyu na sabuwar masara tana ƙonewa a rumbu.

Da rana ta kusa tsaka harbin ya lafa. Wani mai babbar murya ya zo bakin gonar.

"Ku fito! Ba abin da za mu yi muku!"

Ba wanda ya motsa. Suka yi harbi ta saman dawa, ganye da zangarniya suka yi ta zubo mana. Ba su shigo ba. Dawar ta yi duhu, kuma ba su san ko akwai mai bindigar toka a cikinmu ba. Tururuwa suna hawa wuyana, ban kaɗe su ba.

Sai na ji muryar Gwaggo.

Waƙar kira ce. Ranar Talata, da rana tsaka, babu tulu, babu caki. Na gane nan take cewa sa ta aka yi. Wani a cikinsu ya san al'adarmu, ya san in Gwaggo ta kira gida, bakin mutanen gidan ba ya iya shiru. Kuma gaskiyarsa. Tun muna goye muke amsa wannan kira. Na ji "muna nan" ta taho mini har maƙogwaro tun kafin a kira kowa.

Amma ba daga gidan bakin rafi ta fara ba.

"Nomau, kana ina?"

Matattu ta fara kira. Mutanen da ke tsaye a kanta da bindiga ba su san wane ne Nomau ba. Sun zaci yana kwance a cikin dawa tare da mu. Mu kuwa mun gane abin da take faɗa mana: ba zan kira mai rai ba, kada wanda ya buɗe baki. Ta ja muryar a hankali, ta bar wurin amsa bayan kowane suna kamar yadda ta saba. Wurin ya zauna babu kowa. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, gona cike da mutane, kowa ya san amsa, kowa ya haɗiye ta.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kakanni, iyaye, jariran da ba su kai ga yaye ba. Ta kira babana. Da ta ce, "Ishaku mijin Rifkatu, kana ina?" na cusa haɓar zanina a baki na cije har haƙorana suka yi tsami.

A nan ne na hango haɗarin, domin na san jerin. Na zauna a gindin gwiwar Gwaggo ina buga mata tulu tun ina sabuwar amarya, na san wanda ke bin wane. Sunaye kaɗan suka rage kafin Ladi. Na leƙa ta tsakanin kara. Baba Tanko ya gyara zama, leɓunansa suna motsi a hankali. Na fara jan ciki zuwa wurinsa. Kara yana ƙara idan an taɓa shi, dole sai a hankali. Na tsallake kunya ɗaya. Na tsallake ta biyu.

Gwaggo ta zo kan Ladi ta tsaya. Ta daɗe a tsaye.

"Ci gaba, tsohuwa!"

Bayan Ladi babu sauran matacce, sai masu rai. Kuma ba ta san Baba Tanko yana gonar ba, ta ɗauka yana ɗakinsa.

"Ladi matar Tanko, kina ina?"

Na ga jar hular ta tashi sama. Ya miƙe tsaye, ya cire ta, ya riƙe a ƙirji.

"Ta huta!"

Suka buɗe wuta wajen muryar. Na manna fuskata da ƙasa. Da na ɗago, hular tana rataye a jikin kara, shi kuma yana kwance, ƙafarsa ɗaya babu takalmi. Da na miƙa hannu da na kusa taɓa ƙafar.

Muryar Gwaggo ta yanke. Na ji an kai mata duka, na ji Jummai ta yi ƙara. Aka sake cewa ta ci gaba. Da muryar ta dawo, ta dushe, amma waƙar ba ta karkace ba.

"Tanko mijin Ladi, kana ina?"

Ta sa shi a layinsa tun jininsa bai huce ba. Ba ta tsaya nan ba. Ta kira Bawa. Ta kira Markus ɗan Bawa. Ta kira Talatu matar Audu. Waɗanda ta gani kwance a filin majami'a ne take gaya mana. Haka Asabe ta ji labarin mijinta da ɗanta, tana kwance kunya biyu a bayana, ba halin kuka. Na ga yatsunta sun nutse cikin ƙasa har gaɓa.

Sai aka yi ɗan shiru. Na ce a raina yanzu kam ba ta da sauran suna.

"Laraba 'yar Magaji, kina ina?"

Sunanta ne. Tunda nake ban taɓa jin sa a waƙar ba. Ta bar wurin amsa, ta maimaita, ta sake barin wurin amsa. Ni ce jininta a gonar nan, ni ya kamata in fara. Ban amsa ba. Ba wanda ya amsa.

Babura suka tashi. Ƙararsu ta yi yamma tare da kukan shanu da na mata, tana raguwa har ta ɓace. Abin da ya rage sai ƙarar wuta tana cin azara.

Ba mu koma cikin gari ba. Wani ya ce maharan sun bar mutum biyu a kan tudu, ba wanda ya tsaya tantancewa. Na rufe fuskar Baba Tanko da hularsa. Na ɗaga Asabe, na rataya hannunta a wuyana. Muka fita ta ƙarshen gonar muka gangara rafi. Cikin ruwan muka bi, don kada a ga sawu, ruwa har gwiwa, wani wuri har ƙugu. Muka wuce gindin kanyar da ake mana baftisma. Mutane suna ta ɓullowa daga ciyawa suna shiga layi, ba gaisuwa, ba tambaya. Kowa ya riga ya ji sunayen.

Ana kiran sallar azahar muka isa ƙauyen Musulmi da ke gabas da mu. Su ma sun ga hayaƙi, suna ɗaure kaya. Wata mata da nake sayen ƙuli-ƙuli a wurinta ranar kasuwa ta gan ni ta saki tsintsiya. Ta ja mu zaure, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta cire silifas ɗinta ta ba ni, sai lokacin na ga ƙafata tana jini. Ta tambaye ni ina tsohuwar nan mai waƙa. Na ce tana baya. Mijinta ya tsayar da wata a-kori-kura da ta ɗauko barkono, aka ɗora mu a kan buhuna. Muka yi ta atishawa da hawaye har kwalta, direban yana ba mu haƙuri.

La'asar sakaliya muka shiga Samaru. Gari yana harkarsa. Ɗalibai suna tsallaka titi da littattafai, mai tsire yana hura wuta, wani shago ya saki kiɗa. Na sauka a bakin kasuwa, sai ga 'yan acaba sun taho a jere. Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki a gefen kwata ba. Wata ɗaliba ta durƙusa a kaina tana cewa, "Sori Mama, sannu, ciwo ne?" Ita ta raka ni har ƙofar gidan Hannatu.

Malam Yohanna, mai bisharar da ke kula da majami'armu, ya je taro a gari ranar, shi ya sa ya tsira. Shi da mazan da suka rage suka koma da rakiyar jami'an tsaro suka binne mutanenmu. Da suka dawo na tare shi tun a bakin hanya. Ya ce sun duba majami'a, sun duba rijiya, sun duba gonaki, Gwaggo ba ta cikin gawawwakin. An tafi da ita, da Jummai, da wasu mata. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Na ce tsohuwar nan ta yi gaggawar sa kanta a layin da ba nata ba, in ta dawo sai na yi mata gori.

Rafin Kanya ta watse. Wasu suna unguwar Palladan wurin 'yan'uwa, wasu Hanwa, wasu sun kama ɗaki a Sabon Gari, maza suna dako a layin shagunan PZ, mutanen da ke da rumbu uku-uku a gida. Wata babbar majami'a a Sabon Gari ta ba mu ɗakin karatun yara, mu riƙa sujada da rana bayan sun tashi. Sun yi mana kirki ƙwarai, sun ba mu tufafi da shinkafa. Amma kujerun ɗakin na yara ne, manyan dattawa suna zaune gwiwa a haɓa, ga zanen giwa da raƙumi a bango. Muna karatu, muna addu'a, muna tashi. Ba a kira.

Wata mata 'yar kudu mai shagon atamfa a PZ ta ji labarin tuluna, ta saya mini sabo a kasuwar Sabon Gari. Na yi godiya, na tura shi ƙarƙashin gado. Malam Yohanna ya zo har Samaru ya same ni.

"Mama Rifkatu, ke kaɗai kika riƙe jerin nan kaf. Yara sun fara mantawa. Ki ɗauki kiran."

Na ce, "Malam, mai kira tana nan da ranta. In ta dawo ta tarar na hau wurinta, kai za ka shiga tsakaninmu?"

Ya yi murmushi, bai ja ba. Amma ni na san abin da nake gudu. Duk wanda ya ɗauki kiran zai zo kan sunan da ta sa da bakinta. In na tsallake shi, na ƙaryata ta. In na kira shi aka amsa, na binne ta.

Da rana nake jin ta. Idan injin niƙan layinmu ya mutu, unguwa ta yi tsit, sai muryar ta taso kamar daga bayan katanga, ta kira sunan, ta bar wurin amsa. Nakan tsaya da muciya a hannu har tuwo ya kama. Na je babban asibiti na bi gadaje ina nemanta. Na bi wata tsohuwa mai karkataccen ɗankwali tun daga tasha har cikin 'yan kifi, da ta juyo na ba ta haƙuri. Hannatu ta ce in rage fita, na ce ta rage baki.

Bayan an sha fama, dangi sun sayar da abin da za su sayar sun biya kuɗin fansa, aka sako matan. Ranar da aka kawo su Palladan na riga kowa isa. Na ƙirga fuskoki da ido, na sake ƙirgawa. Jummai ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ta kama hannuna muka zauna a bayan gida.

Ta ce wani a cikin maharan ya saba wucewa ta bayan majami'armu ranar Lahadi, shi ya nuna Gwaggo ya ce wannan ce mai kiran sunaye. Ta ce a hanyar daji Gwaggo ba ta yi kuka ba, abu ɗaya take ta maimaitawa, da ta sani da ta tsaya kafin Ladi, ko me za su yi mata. Shanu suka tare wa baburan hanya, aka sauke matan aka kora su a ƙasa. Ƙafafun Gwaggo suka kumbura. A wani mashigin rafi ta zauna a gindin kaɗanya ta ce ita kam nan ta tsaya. Suka daka mata tsawa, ta kalle su kawai. Ba su harbe ta ba, suka ce ba ta kai harsashi ba.

"Da ranta kuka bar ta?"

"Da ranta, Yaya. Tana zaune, har ta gyara ɗankwali. Ta ce in gaya miki ki rage gaggawar hannu."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama abin da ban iya tsayarwa ba. Jummai ta jira ni.

"Ta ce kin kyauta da kika yi shiru ranar. Amma ta ce idan kun taru, kada ki bar ta a tsaye."

Haushinta na ji, ba zan ɓoye ba. Mutum yana zaune da ransa a gindin itace yana aiko da saƙon jana'izarsa. Makiyaya suna bi ta wurin, masu itace suna bi. Wa ya ce wani bai tsince ta ba? Mafarauta biyu daga ƙauyen matar nan mai ƙuli-ƙuli suka yi mana alheri suka je har mashigin. Sun ga kaɗanyar. Ba su ga kowa ba, ba su ga ƙashi ba, ba su ga zane ba. Na riƙe wannan na ƙara watanni da shi.

Wata damina ta zo ta wuce. Ranar godiyar kaka ta zagayo. A gida ranar nan majami'a ba ta ɗaukar dammunan dawa da kabewa, har waje ake jerawa. A ɗakin yaran nan, abin da aka kawo bai rufe teburin malami ba: mudun masara da aka saya a kasuwa, ƙullin gyaɗa, ƙwai a leda. Asabe ta kawo kuɓewa da ta shuka a tsohon bokiti. Da ta ajiye, ta juyo ta dube ni.

"Rifkatu, tun ranar nan ba a amsa wa Markus ba. Ni ban iya ba a gonar. Ina so in amsa wa ɗana."

Na zo da tulun. Ban gaya wa kowa dalili ba, ni ma ban tambayi kaina ba, da safe kawai na jawo shi daga ƙarƙashin gado na share masa ƙura. Na ɗora shi a cinya. Sautinsa bai kai na tsohon ba.

Na fara daga gidan bakin rafi. "Gidan Bawa, kuna ina?" Asabe ita kaɗai ta ce, "Muna nan." Na hauro. Wasu gidajen murya biyu, wasu uku. Gidan Tanko ba wanda ya amsa, sun koma wurin dangi a Kaduna. Ban tsokani kowa ba, ban iya ba tukuna. Na isa tudu tun hannuna bai yi ɗumi ba.

Na sauke murya. "Nomau, kana ina?"

"Ya huta."

Amsar ta fito da ƙarfin da ya sa masu sharar babbar majami'a suka leƙo ta taga. Mutane suna amsawa suna kuka, amsar da suka haɗiye a cikin dawa ce take fitowa. Na kira babana. Na kira Ishaku. Na kira Ladi, ba wanda ya miƙe, ba wanda ya cire hula. Na kira Tanko, da Bawa. Da na kira Markus, Asabe ta riga kowa. Na kira Talatu.

Hannuna ya ci gaba da bugu, bakina ya tsaya. Ba wanda ya ce in ci gaba. Malam Yohanna ya sunkuyar da kai. Wani babur ya wuce a titi, na jira har ƙararsa ta ɓace.

"Laraba 'yar Magaji, kina ina?"

Ɗakin ya yi tsit. Duk sun san amsa, amma ba mai shiga gaban jininta. Mai kira ba ta amsa wa kanta, haka muka tarar. Na bar wurin amsar ya wuce sau ɗaya. Na maimaita sunan kamar yadda ta yi. Sannan na ce, "Ta huta." Muryata ba ta fita sosai ba. Jama'a suka ɗauka suka maimaita da kyau, yadda ba za ta harare mu ba.

Da aka tashi Jummai ta taya ni naɗe tulun a zane. Ta ce yau hannuna bai yi gaggawa ba. Na ce tsufa ne.

Har yau ba mu koma Rafin Kanya ba. Kowace Lahadi da rana ina kira a ɗakin yaran nan. Gwaggo ta karɓi jerin daga wadda ta riga ta, ta kai shi har Ladi cikin shekaru masu yawa, mutum ɗaya bayan ɗaya, kowa da jana'izarsa. A rana ɗaya ta ƙara Tanko, da Bawa, da Markus, da Talatu, da kanta. Huɗu suna da kabari a bayan majami'a. Ita ba ta da shi.

Rariyarta Malam Yohanna ya tsinto a jikin danga ranar da suka je binnewa, gefe ɗaya ya ƙone. Ya kawo mini don bai san ta wace ce a cikinmu ba. Tana bayan randa a ɗakin Hannatu. Ban mayar ba.